Surukina Ne Mai Tambayar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Bin Sawun Masu Tsargiya,
Babban Ofishi, Kano.
Ta hannun Edita.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni sunana Isiyaku, baduku ne ni, a Sule Tankarkar aka haife ni kuma nan nake zaune. Ina cikin mutanen da Shirinku yake bi tun shekarar da motoci suka koma hannun dama. Bokona na yaƙi da jahilci ne, saboda haka in ka ga maganata ta fito a karkace ka yi mini uzuri, hannun da ya saba da basilla ne ya riƙe alƙalami.

Wallahi ban so abin ya kai ga jarida ba. Maganar da zan yi, dattijo ba ya yin ta ko a zaurensa, balle a gaban duniya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Buƙatata guda ce: hanyar bawalina ta toshe, ina buƙatar aikin da likitocin Kano suke yi wa masu irin wannan lalura, kuma takardar da za ta kai ni gabansu ta ƙi fitowa, domin a rubuce a ofishinku na Gumel ni mutum ne da ya warke sarai. Ban warke ba, ranka ya daɗe. Ga yadda aka yi.

Na farko, yadda na shigo hannunku.

Tsargiya tun ina yaro nake da ita, kamar yawancin sa'o'ina da muka yi wanka a kududdufi ɗaya. A zamaninmu ba a ɗauke ta ciwo ba, manya ma cewa suke yi alama ce yaro ya fara zama namiji. Ta lafa shekara da shekaru, sai da furfura ta fito sannan ta dawo mini da ƙarfinta. Da ma'aikatanku suka zo garinmu da farar motarsu, mai unguwa ya tara mu, aka ce za a ba mu magani kyauta amma da sharaɗi. Duk wata uku mutum zai je Gumel a auna shi, a kuma yi masa tambayoyi, shekara bayan shekara, don a gani ko maganin ya gyara wa mutum zamansa na duniya ko kuwa tsutsar kawai ya kashe. Wannan magana ta shige ni. Na ce yau ga mutanen da suka san lafiya ba a kwalbar awo kaɗai take ba. Wasu suka dangwala yatsa, ni na sa hannu da alƙalami, aka ba ni koren kati.

Aka haɗa ni da wani saurayi ɗan Gagarawa, shi ne malamin tambaya, shi ne kuma tafinta tsakaninmu da likita Bature. Ba zan ambaci sunansa ba, za ka ga dalili. Yaro ne mai natsuwa, mai tsabta, ba ya daka wa tsoho tsawa. Mu shiga ɗaki mu biyu, ya rufe ƙofa, ya buɗe takardarsa ya fara. Yaya barci? Kana iya zama ka yi aikinka? Kana zuwa kasuwa? Kana shiga jama'a ko ka fara gudunsu? Akwai jini? Akwai zafi? Yana fita daidai ko sai ka yi nishi? Yana kufce maka? Yaya tsakaninka da iyalinka a ɗaki? Ranka yana yawan ɓaci? Yana tambaya ina ba shi amsa, ba ɓoye-ɓoye, don baƙo ne, ɗan wasu ne, aikinsa yake yi. Har tsokanarsa nake yi, ina ce masa ko matar da na aura ba ta san cikina kamar shi ba, shi kuma ya yi dariya ya ce Baba ai aikin ke nan. Duk abin da aka rubuta a kaina a wancan lokaci gaskiya ne, in ka duba za ka ga mutum ne mai ciwo yake magana.

Na biyu, abin da babu wanda ya hango.

Shirinku ba a ɗaki kaɗai yake tsayawa ba, kuna aika malaman tambaya gida-gida su ga rijiyar da muke sha da inda muke wanka. Haka yaron nan ya riƙa zuwa gidana a kan kekensa, har a shekarar fari da kowa yake ta kansa bai fasa ba. In ya zo sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa. 'Yar farina ce take kawo ruwan. Ni ina can ina ba shi labarin mara, ashe shi ana wata ga wata. Da damina ta yi kyau a shekara ta gaba, aka girbe gero, sai ga manyansa daga Gagarawa da goro. Na bincika asalinsa, ban ji komai ba sai alheri. Yarinya tana so, uwarta tana so. Ni da bakina na ce na ba shi, kuma har gobe ban yi nadamar ba shi ba.

Aka sha biki. Likita Bature ma sai da ya aiko da kwalin sukari. Cikinmu duka, da ni, da yaron, da manyansa, da likitan, babu wanda ya tsaya ya ce to, ranar awo fa? Hankalin kowa yana kan gara da kayan ɗaki.

Na uku, abin da yake faruwa a ɗakin tambaya tun daga ranar.

Ban sani ba ko kai Bahaushe ne, ranka ya daɗe. In kai ne, ka riga ka gane, sai dai ka yi salati. In ba kai ba ne, bari in gaya maka abin da ake nufi da suruki a ƙasarmu. Mijin 'yata ba ya kiran sunana, ni ma ba na kiran nasa. Ba ya cin abinci a gabana. In yana kan keke ya hango ni, sauka yake ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ba ya haɗa ido da ni, ba ya zama inda nake zaune ana hira. Wannan ba tsoro ba ne, ba kuma ƙiyayya ba, shi ne mutuncin da ke riƙe da auren. To wannan mutum kuka bar wa takarda ya tambaye ni ko ina jiƙa wandona, da kuma yadda muke kwana da uwar matarsa. Haba, ranka ya daɗe!

Zuwana na farko bayan biki, ina shiga ya tashi daga kujerarsa ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon bango. Ya koma ya zauna a gefen kujerar kamar ba tasa ba, kansa a sunkuye, ya daɗe yana juya alƙalami. Can ya ce, Baba, ya ƙarfin jiki? Na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Shi ke nan. Na ji alƙalami yana tafiya daga saman takarda har ƙasa, ya juya ya cike bayanta. Kwalbar awon da a da yake miƙo mini hannu da hannu, sai ya ajiye ta a kan taga ya fita waje. Na cika na mayar da ita kan tagar, na kama hanyar gida. Tun daga ranar haka muke yi, duk zuwa, ba ƙari ba ragi. Gaisuwa ɗaya, amsa ɗaya, sauran kuma alƙalami ya ƙarasa.

Kuma ina roƙonka ka gaya wa masu lissafinku cewa da sauƙi ba labarin jiki ba ne, amsar gaisuwa ce. Akwai maƙwabcina da muka je dubawa da hantsi ya ce mana da sauƙi, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Musulmi ba ya buɗe baki a gaishe shi ya ce babu sauƙi. In ana son gaskiya sai an zauna an bi ta da tambaya, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yaron nan yake yi mini a da. Yanzu kuwa bakinsa a ɗaure, nawa a ɗaure.

Abin takaicin, kwalbar ma ta goyi bayan takardar. Maganinku ya kashe tsutsar, wannan ban musa ba, Allah Ya saka. Awo yana fitowa fes, babu ƙwai, babu jini. Amma ɓarnar da ta riga ta yi a ciki ba ta fitowa a kwalba, sai a baki. Sai ga shi na zama abin nuni. Duk lokacin da baƙi suka zo daga Kano, ni ake kira. Likita ya dafa kafaɗata, ya nuna musu wani zane a bango mai layi yana hawa sama, wai ni ne wannan. Har hoto aka ɗauke ni ina murmushi, alhali a lokacin marata kamar ta fashe.

Na huɗu, gaskiyar halin da nake ciki, tunda ba a rubuta ba bari in rubuta da kaina.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In na tsuguna sai na yi ta nishi kamar mai naƙuda kafin bawalin ya fito, ɗis-ɗis, da zafi kamar an zuba barkono. In na tashi kuma, abin da ya ƙi fita da izinina sai ya fita ba da izinina ba. Tsumma nake naɗawa kamar jariri, mai ɗakina tana wankewa a ɓoye tana shanyawa a bayan rumbu don kada yara su gani. Barci sai dai gyangyaɗi. Kwanakin baya ya tsaya cak tun safe har rana ta karkata, marata ta kumbura ta yi tauri, na yi ta birgima a ƙasa, mai ɗakina tana ɗora mini tsumma mai ɗumi tana kuka. Allah Ya sa ya buɗe da kansa. Ban san ko na gaba zai buɗe ba, kuma wannan shi ne abin da yake hana ni sukuni.

Kuna tambaya ko mutum yana aikinsa. Dukanci zama yake so, ni kuwa zama ya gagare ni. Kasuwar Maigatari da nake kai linzami da kube da zabira duk Alhamis tun ina saurayi, na daina zuwa, don ba zan iya zaman mota ba, kuma ba zan tsaya a cikin mutane riga tana ɗoyi ba. Abokan cinikina na Damagaram sun gaji da cigiyata sun koma wurin wani. Kuna tambaya ko mutum yana shiga jama'a. Liman ya gaya mini mai irin lalurata yana da uzuri, sallarsa ta yi. Na yarda da maganar liman, amma hancin wanda yake kusa da ni a sahu bai yi karatun fiƙihu ba. Ni da nake sahun gaba, yanzu a waje nake tsayawa, can ƙarshe, in an yi sallama in riga kowa tashi. Suna, ɗaurin aure, zaman makoki, duk sai dai in aika. Mutane sun fara cewa Isiyaku ya yi girman kai tun da 'yarsa ta auri ma'aikaci. Kuna tambaya ko ran mutum yana ɓaci. Yana ɓaci, ranka ya daɗe. Akwai ranar da nake zama a bayan gida in yi hawaye, da gemuna da komai.

Na biyar, kada ka ce na zauna ne ban nema wa kaina mafita ba. Babu ƙofar da ban taɓa ba.

Na fara da likita. Hausarsa ba ta wuce sannu da yaya jiki da madalla ba. Na yi ƙoƙarin nuna masa da hannu, na dafa marata na yamutsa fuska. Sai ya juya ya kira tafinta. Wane ne tafinta? Surukina. Ya shigo ya durƙusa, likita ya ce ya tambaye ni me ke damuna. Na dubi ƙasa, ya dubi ƙasa. Na ce a gaya wa likita cikina ne yake ɗan murɗawa. Aka ba ni farin ruwan maganin ciki, na dawo da shi gida.

Na koma wurin babban akawun ofishin, na roƙe shi a canja mini malamin tambaya. Mutumin kudu ne, yana jin Hausar kasuwa. Ya ce ba a canjawa, doka ce daga Kano. Wai wanda ya fara da mutum shi zai ƙare da shi, don in aka canja mai tambaya amsoshin za su canja, shekarun baya da na gaba ba za su haɗu ba, aikin ya lalace. Na ce masa ai mai tambayar ya riga ya canja, jiya baƙo ne yau suruki. Ya yi dariya ya ce to ai ka ji daɗi Baba, naka ne, zai fi kula da kai. Na yi masa sallama na fito.

Na rubuta takarda zuwa ga likita, na kwashe komai na zuba a ciki, na liƙe, na ba masinja. Ban yi tunanin cewa takardar Hausa sai an juya ta zuwa Turanci ba, kuma mutum ɗaya ne mai juyawa a ofishin. Bayan kwana kaɗan yaron nan ya zo gidana, ya durƙusa a ƙofar zaure ya gaishe ni, ya daɗe a durƙushe, idonsa ja wur, ya tashi ya tafi. Daga baya na ji cewa layin farko kawai ya iya karantawa, da ya ga inda maganar ta nufa ya ninke ta. Abin da ya gaya wa likita shi ne tsoho yana godiya. Wannan karon kam na yi fushi, na kwana biyu ba na amsa sallamar kowa. Amma da na huce na tambayi kaina, ni da a ce uban matata ne ya rubuto irin wannan, zan iya tsayawa gaban Bature in karanta?

Na sayar da tunkiya na hau mota zuwa Kano da kaina, tafiyar da ba zan so wa maƙiyina ba, direba yana ta masifa saboda yawan tsayar da shi da nake yi. A babban asibiti na yi kuskuren nuna koren katina, ina tsammanin zai buɗe mini hanya. Suna ganinsa suka ce ai kai ɗan Shiri ne, likitocinku ne za su turo ka da takarda, ba ma taɓa mutanensu sai da izininsu. Na ce to a ɗauka ban da katin. Suka ce sun riga sun gani. Na dawo Gumel neman takarda, aka ce sunayen da ake turawa aiki daga cikin amsoshin tambaya ake tsamo su, waɗanda halinsu ya taɓarɓare su ake turawa. Ni kuwa layina sama yake hawa.

Na ce to bari in fita daga Shirin gaba ɗaya, in mayar muku da katinku in zama mutum kamar kowa. Nan ma akawu ya ce in na fita za a rubuta na fita ne da lafiyata, kuma duk malamin da mutanensa suke zarewa ana rage masa daraja a wurin aiki. Ka ji fa. Gaba kura, baya sayaki.

Daga ƙarshe na bi hanyar da iyayenmu suke bi, na aiki aminina Malam Tanko, wanda muka tashi tare, ya je ya same shi a Gumel su yi magana ta maza. Malam Tanko ya dawo jikinsa a sanyaye. Ya ce yaron kuka ya yi masa. Ya ce ya san komai, tun ba yau ba yana gani a tafiyata. Amma dokar aikinsu ita ce amsa sai daga bakin mai ciwo, kuma in ya tashi yau ya rubuta cewa ina cikin wannan hali, za a ce ina ka kasance shekarun nan? Za a buɗe takardun baya, a ga shi ya cike su da kansa. A Shirinku babu laifin da ya kai wannan, kora ce nan take, kuma ba zai ƙara samun aikin gwamnati ba. Ya ce wa Malam Tanko ya gaya mini in na ce ya je ya tona kansa, zai je. Wato ya ɗora mini wuƙar a hannu.

Na shida, dalilin da ya sa na daɗe ina shiru.

'Yata tana da goyo, ga kuma wani cikin. Albashin yaron nan shi ne cinsu, shi ne kuma cin tsohuwarsa a Gagarawa da ƙannensa. Gonar gidansu ba ta ciyar da su ko a shekarar albarka. In na buɗe baki, na rushe gidan 'yata da hannuna. In na yi shiru, wata rana abin nan zai tsaya ya ƙi buɗewa, a ɗauke ni a amalanke. Na auna wannan, na auna wancan, na zaɓi shiru, na kuma yi ta zaɓarsa duk wata uku.

Abin da ya karya shirun, yarinyar ce da kanta. Ta zo ganin gida wurin uwarta ta ga tsummokaran a bayan rumbu. Ta tsare uwar da tambaya har ta gaya mata. 'Yar fari ce, tun tana ƙarama ba ta zama kusa da ni, ni ma ba na sake mata fuska, haka al'ada ta ce. Amma ran nan ta zo ta tsaya a bayan zana inda nake jin ta ba na ganin ta, ta ce Baba ka faɗa, in an kore shi ma yi dakau mu ci, miji yana sake aiki amma ni ba ni da wani uban. Ta faɗa ta gudu ɗaki. Shi ya sa ka ga na nemi takarda da alƙalami, na kuma biyo ta jarida, don ita kaɗai ce hanyar da na sani wadda maganata za ta iso kunnenka ba ta bi ta hannunsa ba.

Yanzu ga roƙona, ranka ya daɗe, ina durƙushe nake yin sa.

Ka turo wani mutum, baƙo, mai jin Hausa, wanda ba ya auren 'yar kowa a garinmu, ya zauna da ni ya yi mini tambayoyin nan tun daga farko har ƙarshe. Zan ba shi amsa ba tare da na rage komai ba. A kuma sa likita ya taɓa marata da hannunsa, ya bar kallon zanen bango. In an ga abin da na faɗa gaskiya ne, a ba ni takardar zuwa aiki kafin ruwa ya sauka hanya ta lalace.

Ka soke abin da aka rubuta a kaina tun daga bikin nan. Ba na so a je a gaya wa duniya cewa magani ya gyara wa Isiyaku rayuwa, a ɗora wasu bayin Allah a kan wannan magana. In kuna son sanin abin da tsargiya take bari a jikin mutum bayan ta mutu, ga ni, ku rubuta na gaskiya.

Ka duba sauran malaman tambayarku. Samari ne, kuna aika su gidajen mutane shekara da shekaru, kuma gidajen nan akwai 'yan mata. Ban ce akwai wani irina ba, ban sani ba. Amma wanda ya kafa dokar cewa ba a canja mai tambaya, ya ƙara mata layi ɗaya saboda ƙasar da yake aiki a cikinta.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi mini duka nauyi. Kada ku kori yaron nan. Bai ci kuɗinku ba, bai yi ha'inci don lalaci ba, sauran mutanensa ku tambaye su, yana bin su tambaya ɗaya bayan ɗaya har su gaji. Ni kaɗai ne ya kasa, kuma tarbiyyar da ta sa ya kasa ita ce ta sa na ba shi 'yata. Ku mayar da shi wani gari, ku ba shi wasu mutanen. In kuwa dokarku ta ce lalle sai dai a zaɓi ɗaya, ko a gyara takardata a kore shi, ko a bar shi a bar ni yadda nake, to kada ku yanke a ofis. Ku zo ku gaya mini a fuskata, ni zan zaɓa, kuma ina jin kun riga kun san wanda zan zaɓa.

Na san abin da na yi da na aiko da wannan takarda. Za a karanta ta a tashar mota, a rumfar mai shayi, a ƙofar masallacinmu. Ba sai na faɗi sunan kowa ba, baduku nawa ne a Sule Tankarkar mai suruki a ofishinku? Shi ma zai karanta, ko a karanta masa. Daga ranar ba zai ƙara iya durƙusawa a ƙofar zaurena ba, ni ma ba zan ƙara iya taka gidansu ba, ko ranar sunan abin da za ta haifa. Wannan na riga na biya shi tun kafin ka ce komai. Abin da nake roƙo kawai, kada ya zamana na tuɓe a gaban duniya a banza.

Shi kuma, tunda ba zan iya gaya masa da bakina ba, wani ya gaya masa: na yafe, duniya da lahira. Kada ya zo ba ni haƙuri, kada ya aiko kowa. Ya riƙe mini yarinyar da amana, shi ke nan.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya raba ka da ciwon da ba ka iya faɗa. Allah Ya sa aikinku ya amfani na baya. Ina nan gida ina sauraro, don babu inda nake iya zuwa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isiyaku Baduku,
Sule Tankarkar.